Tomb Raider a idon wanda aka fasa wa kabari

Na sake kallon Tomb Raider na 2018 a waya, nan Omdurman. A matsayin fim ɗin kasada, gaskiya ya yi. Daga wasan kwamfuta na 2013 aka ɗauko shi, kuma Lara Croft ɗin da Alicia Vikander ta fito tana faɗuwa, tana jin ciwo, tana tsorata, shi ya sa gabanka ke faɗuwa tare da ita. Rauninsa wajen warware tarkunan kabari ne, don a wasan kai ke lissafin, a fim kuwa sai dai ka zuba ido.

Sai dai mu nan mun san fasa kabari da gaske. A 1834 wani ɗan Italiya, Ferlini, ya rusa dalar Sarauniya Amanishakheto a Bajrawiya, zinarenta yau yana Munich da Berlin. A yaƙin nan kuma an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum.

Abin da ya ceci fim ɗin a wurina: da aka buɗe kabarin Himiko, annoba aka tarar maimakon dukiya. Ku kalla da yara, amma ku ba su labarin Ferlini.