DJ ɗin da ba shi da kiɗan kansa, hayar sifika yake yi

1/
Jiya a wani ɗakin taro na ga yaro ya kwashe awa biyar a tsaye yana sa waƙoƙi, gumi har gwiwa. Da aka tashi, uwar biki ta miƙa masa abin da bai kai kuɗin man janareta ba, ta haɗa masa da ledar shinkafa. Har da godiya ya yi. Tun daga nan abin ke cina, bari in amayar.

2/
Zan ɓata wa wasu rai, ku yi haƙuri. Yawancin masu kiran kansu DJ a Kano da Kaduna da Jos ba sana'ar kiɗa suke yi ba. Laftop ce, da filas cike da waƙoƙin mutane, da sifika biyu. Ranar da wani ya zo da sifika huɗu a kan rabin kuɗinka, an gama da kai. Me za ka nuna da ba shi da shi?

3/
Kar a ce na raina haɗa waƙa. Daidaita gudun waƙa biyu har mai rawa bai ji inda aka sauya ba, da karanta fuskar taro ka san lokacin da za ka sauke zafi, ilimi ne. Amma yau manhaja tana daidaita gudun da maɓalli ɗaya. Abin da manhaja ba za ta ba ka ba shi ne sautin da in an ji za a ce na wane ne.

4/
Ku duba inda abin ya faro. Frankie Knuckles ya fara aiki a wani gidan rawa mai suna Warehouse a Chicago a 1977. Bai tsaya kan sa faifai kawai ba. Yana yanka zaren kaset yana haɗewa don ya tsawaita inda jama'a suka fi so, daga baya ya ƙara da na'urar ganga. Daga sunan gidan aka samo sunan kiɗan house. DJ ne ya koma maƙeri.

5/
Black Coffee na Afirka ta Kudu fa? Hatsari ya kashe masa hannun hagu tun 1990. Ya fitar da kundinsa na farko a 2005, a ciki har da sabunta wata tsohuwar waƙar Hugh Masekela, wato kayan gida ya ɗauka. A 2022 ya ci Grammy. Ba don ya fi kowa tara waƙoƙi a filas ba. Don yana da abin da ke ɗauke da sunansa.

6/
Amapiano da kuke kwana kuna kwaikwayo, a unguwannin talakawa na Johannesburg da Pretoria aka haife shi, akasari da FL Studio, manhajar da ke cikin laftop ɗinka yanzu haka. Da ya iso Legas, Asake da furodusansa Magicsticks suka zuba masa salon fuji da amshin taron murya, a 2022 suka mamaye ƙasa. Mu kuma muka kwafo kwafin.

7/
Abin haushin, muna zaune a kan taska. Kalangu ganga ce da ake matse tsarkiyarta a hammata, sautin ya hau ya sauka kamar magana. Wannan zamewar sautin da ke haukata ku a gangar amapiano, makaɗan mahauta sun daɗe suna yin irinta a bakin kasuwa. Ga kotso, ga kiɗan ƙwarya na mata, ga duman girke, ga gurmi. Wa ya naɗe su da kyau ya gina kiɗan rawa a kai?

8/
Kuma kar wani ya ce kiɗan na'ura baƙo ne a wajenmu. Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa a Yamai tun 1978, gidan rediyo da talabijin na Nijar suka yi ta amfani da shi. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi, Turawa suka yi ta saye, har ya je ya yi wasa a Turai. Mutumin bai kwaikwayi kowa ba, shi ya sa aka neme shi.

9/
Na san amsar: "Malam, biki ne ke ciyar da mu." Gaskiya ne, kuma ban ce ka bari ba. Amma biki kasuwa ce mai lokaci. Azumi ya zo, shiru. Damina ta sauka, sai a hankali. Gobe a wayi gari hukuma ta ce ta hana DJ a taron biki, kamar yadda aka sha yi a garuruwanmu. Wanda duk abincinsa ke cikin tukunya ɗaya, ranar da ta fashe fa?

10/
Amsa ta biyu: "Jama'a abin da suka sani suke so." To ai kai ne mai sanar da su. Kana da abin da furodusan ɗaki ba shi da shi: mutum ɗari biyu a gabanka duk Asabar. Saka kiɗanka tsakanin waƙa biyu da suke so. In fili ya watse, ka koma ka gyara. In aka fara liƙi, ka samu. Gwajin kyauta ne, kuna wasa da shi.

11/
Sai babban ciwon. Waɗanda suka iya haɗa kiɗan ma, sayar da shi suke yi kamar gyaɗa. Mawaƙi ya ba ka kuɗin cefane, ya hau kai, waƙa ta zaga duniya, ko sunanka babu. Ni ma na taɓa yi, har yau in na ji waƙar a adaidaita sahu sai in kau da kai. Ba takarda, ba shaida, sai "ai mu 'yan uwa ne".

12/
Ku sani, waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya ƙirƙiri kiɗa da baiti, da na wanda ya mallaki naɗin. Mai haɗa kiɗa yana da rabo a na farko. Najeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallaka, aka sa mata hannu a 2023, kuma akwai ƙungiyar MCSN mai karɓar wa mawallafan kiɗa kuɗinsu. Amma doka ba ta bin wanda bai rubuta komai ba.

13/
Kafin kiɗa ya bar laftop ɗinka, a rubuta kason kowa, a sa hannu, ko da a takardar makaranta ce. Sunanka ya fito a jikin waƙar. Spotify ya shigo Najeriya tun 2021, ga Audiomack da YouTube. Kuɗin ba yawa da farko, kar a ruɗe ka. Amma suna ne ke taruwa, kuma suna ne ke sa a kira ka da farashinka.

14/
Ku kuma masu biki: kun biya mai kwalliya, kun biya mai hoto, kun biya mai ado da fure, sai wanda ya riƙe muku taro tun la'asar ne za a ce "za mu tallata ka"? Talla ba ta sayen fetur. A yi ciniki tun farko, a ba da rabin kuɗi kafin a ɗauko kaya.

15/
Ƙanena mai sifika biyu, ga aikin wannan makon. Nemi mai kalangu a unguwarku, ka biya shi haƙƙinsa, ka naɗi minti goma ko da da waya ne a ɗaki mai shiru. Ka zauna da shi har ya zama kiɗa ɗaya. Na farko zai yi muni, na biyar ma wataƙila. Ka sa na goma a bikin da ke tafe, ka dawo nan ka faɗa mana ko an taka.