Idan Uwa Ta Tafi, Me Ta Bari A Baya?

A al'adarmu, da zarar jariri ya faɗo ya yi kuka, sai a rangaɗa guɗa, a shiga yi wa juna barka. Amma a wurin ma'aikatan lafiya haihuwa ba ta kammala ba sai mabiyiya ta fito gaba ɗayanta, mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Ra'ayinmu shi ne, ya kamata magidanta da iyaye su ɗauki wannan lokaci da muhimmanci kamar naƙudar kanta.

Yawanci mabiyiya kan fito cikin minti 30 bayan jariri. Idan ta maƙale, ko wani guntunta ya rage a ciki, mahaifa ba za ta tsuke yadda ya kamata ba, sai jini ya ɓalle. Zubar rabin lita ko fiye cikin awa 24 na farko alama ce ta haɗari, kuma mace na iya rasa ranta cikin 'yan awoyi. Sa mai jego ta hura kwalba, ko turara mata barkono don ta yi atishawa, ɓata lokaci ne. Jan cibiya da ƙarfi kuwa yana iya tsinke ta ko ya juyo da mahaifa waje.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini na kan gaba cikin musabbaban.

To, me kowacce ta bari? Ta bar jariri ba nono, kuma irin wannan jariri ya fi fuskantar haɗarin mutuwa kafin ya shekara. Ta bar yara a rarraba, wannan wurin kaka, wancan wurin gwaggo. Sau da yawa babbar 'yarta ce ke barin makaranta don raino. Dangi kan yi iya ƙoƙarinsu, amma kowa ya san maraya maraya ne.

Wani zai ce, ai iyayenmu a ɗaki suka haife mu. Gaskiya ne, sai dai waɗanda jini ya tafi da su ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Wani kuma zai kawo maganar kuɗi da nisa. Wannan ma gaskiya ce, shi ya sa tanadi ke farawa tun cikin yana ƙarami.

A asibiti ana yi wa mace allurar oksitosin da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, a duba mabiyiya ko ta cika, a auna jinin da ya zuba, a ƙara mata idan da buƙata. Don haka muna ba da shawara:

1. Mai ciki ta je awo aƙalla sau 8, ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini.
2. Maigida ya tanadi kuɗi da abin hawa, ya kuma ba da izinin tafiya asibiti tun kafin ranar, ko da ba ya gida.
3. A nemi 'yan'uwa masu lafiya da za su ba da jini.
4. A bar mai jego ta cika awa 24 a asibiti.
5. Bayan sallama, in an ga jini mai yawa, zazzaɓi, jiri ko ruwa mai wari, a dawo da ita nan take.

'Yar'uwa, kada kunyar haihuwar fari ta sa ki yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maigida kuma, yadda kake tanadin ragon suna, haka za ka tanadi lafiyar wadda za a yi wa barka.

Allah ya raba lafiya, ya bar kowace uwa da 'ya'yanta.