Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Formula 1?

A watan Oktoba na 2023, hukumar FIA mai kula da dokokin tseren motoci ta amince Michael Andretti, ɗan Amurka, ya shigo da ƙungiya ta goma sha ɗaya cikin gasar Formula 1. A Janairun 2024 kuwa, sai kamfanin da ke riƙe da kasuwancin gasar, mallakar Liberty Media, ya ƙi, wai baƙuwar ba za ta ƙara wa gasar daraja ba.

Ni dai ban gamsu da wannan hujja ba. A lokacin, ƙungiyoyi goma ne ke raba kuɗin gasar, kuma sun san idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Shi ya sa yarjejeniyar Concorde ta 2021 ta ɗora wa sabon shiga dala miliyan 200, a raba wa 'yan gida. Da darajar ƙungiyoyin ta hau, sai suka raina kuɗin.

Amma gaba da gabanta. 'Yan majalisar Amurka suka sa baki, Ma'aikatar Shari'ar ƙasar ta buɗe bincike, Andretti ya ja gefe, General Motors ya shige gaba da sunan Cadillac. A Maris na 2025 aka ba shi izinin shiga kakar 2026, a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 450.

Daga Haas a 2016 har zuwa Cadillac, babu sabuwar ƙungiyar da ta shigo. Muddin masu cin rabo ne ke yanka wa baƙo farashi, sai mai aljihu da gwamnati a bayansa ne zai tsallake bakin ƙofa.