Uwargida, Ƙofar Ba Ta Rufe Ba



Kwanakin baya wata baiwar Allah daga Maiyama ta same ni bayan an tashi Islamiyya. Ta gama sakandare shekara goma sha ɗaya da suka wuce, 'ya'yanta huɗu, kuma maigidanta ya amince ta nemi kwalejin kiwon lafiya da ke Jega. Amma sai ta ce da ni, "Malama, kaina ya toshe. Kunya nake ji in zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannena." Ita ce ta sa na kawo muku labarin da na ba ta.

A ƙasar Finland, can arewacin Turai, suna wasan hoki na kan ƙanƙara. Ana sa takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, ana sulɓi a guje, ana kora ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. Wasa ne mai cin ƙarfi ƙwarai.

Cikin gwanayensa akwai Riikka Sallinen, wadda aka haifa a 1973. A gasar Olamfik ta 1998 a Nagano ta Japan, karon farko da aka sa mata a wannan wasa, ta fi kowa maki, ƙasarta ta sami lambar tagulla. A 2003 sai ta ajiye sandar, ta koma ga iyali da aikinta na gashin ƙashi. 'Ya'yanta uku. Shekara goma cur ba ta fafatawa.

A 2013, tana da shekara 40, ta dawo ta shiga cikin 'yan matan da ta isa haihuwar wasunsu. A 2018 ta sake cin tagulla a Olamfik a Koriya ta Kudu tana da shekara 44. A 2019 suka zo na biyu a gasar duniya, sannan ta yi ritaya.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce uwargida ta yar da hijabi ta nufi filin wasa ba. Abin lura shi ne, idan jiki zai iya tuna aikinsa bayan haihuwa uku, ina ga ƙwaƙwalwa? Abin da aka koya ba ya mutuwa, barci yake yi.

Mu ma muna da namu abin koyi. 'Yan Taru na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajis-jajis ɗinsu dattawan mata ne, suna takowa daga ƙauyuka neman karatu. Yau kuwa ga kwaleji a Jega, ga jami'a a Aliero tun 2006, alhali asibitocinmu na kukan ƙarancin mata ma'aikata. Wace ce a cikinmu ba ta fi son mace ta karɓi haihuwarta ba?

Shawarata, ki fara da yardar maigida. Ki ware rabin awa bayan Asuba ki riƙa buɗe tsofaffin littattafanki. Ki tsara wa yara mai kula da su tun kafin ki cike fom. Ku kuma iyayen gida maza, ku taimaka, ladan naku ne tare.

Ita dai wannan baiwar Allah ta ce za ta gwada. Ku sa ta a addu'a.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.