Timber ba tambur ba ne, kuma katako bai ishe shi ba

Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci, ranar da ya fara cin karo da kalmar timber a rubutun Ingilishi, yakan ɗauka tsohuwar saniya ce. Idonsa ya saba da timbre, kunnensa ya saba da tambur ɗin da ake liƙa wa takardun gwamnati, wanda Hausawan Nijeriya ke kira kan sarki. Kamar ta tsaya ga haruffa. Timbre ta samo asali daga sunan wata ganga a Girkanci, ta bi ta ƙararrawa har ta iso ga hatimi. Timber kuwa gidanta daban.

A tsohon Ingilishi timber na nufin gini, da kuma abin da ake gini da shi. Tushenta ɗaya da domus, gida a Latin, da Zimmer, ɗaki a Jamusanci. Wanda ya karanta dokar sauyin baƙaƙe da Jacob Grimm ya bayyana a 1822 zai gane sawun: d ta koma t a harsunan dangin Jamusanci, daga baya Jamusanci ya sake mayar da t ɗin ts. Ita kuwa b baƙuwa ce, ta kutsa tsakanin m da r don sauƙin furuci, kamar yadda camera ta Latin ta zama chambre. A harshen Gotik kalmar ginawa timrjan ce, babu b.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai fassara, domin har yau ma'anar kalmar tana rataye ne ga aikin da za a yi da icen. Itatuwan da ke tsaye a daji, muddin ana kallonsu da idon magini, timber ne. Gungumen da aka sare shi ma haka. A Ingila har wanda aka tsaga da zarto yana riƙe sunan, alhali Amurkawa lumber suke ce masa. Ita ce kuma kalmar da masu saran itace ke ƙwalawa idan bishiya za ta faɗi, kuma akan aro ta ga mutum, a ce yana da timber na shugabanci, wato an yi shi da abin da ake yin shugaba.

To ina katako a cikin duk wannan? Katako siffa yake nunawa: icen da aka tsaga, aka daidaita, irin wanda kafinta ke saye a kasuwar Katako ta Yamai. Ba a kiran giginyar da ke tsaye a Dallol Mawri katako. Ba a kiran azarar da aka fasa daga jikinta katako, ga shi kuwa azara ce ta ɗauki rufin soraye shekara da shekaru saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Idan asalin ma'ana za a bi, azara ta fi katako kusa da timber. Faransanci ma bai iya da kalma ɗaya ba, sai da ya ce bois d'œuvre ko bois de charpente.

Saboda haka ƙamus ɗin da zai rubuta katako shi kaɗai a gaban timber ya rage wa mai karatu fiye da rabin kalmar. Ya kamata masu tsara kalmomin makarantu masu koyarwa da harsuna biyu su raba ma'anonin, kowace da misalinta: itacen gini a daji, gungume, azara, katako. Timba da ake ji a bakin ƴan kasuwar Nijeriya ita ma a ba ta gurbi, a nuna inda ake amfani da ita, domin ɓoye ta ba zai hana ta ƙetaro iyaka ta Maraɗi tare da kayan ba. Abin da bai kamata ba shi ne a bar ta ta haɗiye azara da gungume, don kawai ta fi su kama da kalmar da ke cikin littafin Turanci.