Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnonin Kano, Jigawa, Yobe da Borno kan Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Masu girma Gwamnoni,

Maganar rijiyar burtsatse ce ke tafe da ni. Gwamnati na haƙawa, 'yan majalisa na haƙawa, masu neman lada na haƙawa, duk mai ɗan hali ya kafa tanki a gidansa. Amma da za a tsare ma'aikatun ruwanku a ce rijiya nawa ce a jiha, zurfin kowace nawa, wacce ta ƙafe kuma me ya ƙafar da ita, ina jin sai an daɗe ana kallon-kallo.

Ƙasashenku ba iri ɗaya ba ne daga ciki. Birnin Kano da kudancinsa, har Dutse da Birnin Kudu, a kan tsohon dutse suke zaune. Ruwan da ke nan ɗan abin da ya maƙale ne cikin ruɓaɓɓen dutsen sama da tsagogin da ke ƙasansa. Shi ya sa wani zai haƙa ya dace, maƙwabcinsa ya haƙa katanga ɗaya tsakani, injin ya yini yana feso farar ƙura, kuɗi su tafi a banza. A irin wannan ƙasa, ƙara zurfi ba ya kawo ruwa sai an faɗa kan tsaga. Daga wajen Gumel da Haɗeja kuwa, in aka nausa gabas, rairayi ne da yumɓu jibge bisa juna har bakin Tafkin Cadi. A Maiduguri ruwan hawa uku ne: na sama da ƙananan rijiyoyi ke kaiwa, na tsakiya a wajen mita 300, da na can ƙasa da ya zarce mita 500.

Wannan sani ba daga sama ya faɗo ba. Hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya ta fitar da rahoton wani masani mai suna Barber a 1965 kan ruwan masarautun Borno da Dikwa, takwararta ta Amurka ta biyo da nata a 1968. A zamanin ne aka yi ta huda hawa na tsakiya, ruwa na tunkuɗo kansa ba famfo ba inji. Abin ya yi daɗi, makiyaya suka huta da guga. Sai dai an bar rijiyoyi da yawa suna kwarara dare da rana, ba makulli, shanu na cakuɗa taɓo a gefe, har ƙarfin ruwan ya ja baya, wasu suka daina fitowa sai da famfo. Masana sun auna shekarun wannan ruwa, suka ga ya kwanta ne tun kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da yanayin yankin ya bambanta da na yau. Wato gado muke ci, daminar bana ba za ta mayar da shi ba.

Hawa na sama shi ne mai samun ƙari, yawanci daga ambaliyar koguna. A nan ne hannun Kano ya shiga tuwon Yobe. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke malale fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ita ce kuwa ke tsuma ƙasa ta cika rijiyoyin ƙauyuka. Jihohinku da Bauchi da Filato sun kafa asusun kula da kwarin waɗannan koguna a 2006, saboda haka wurin zama a yi magana akwai shi.

Shawarata ta farko ba ta da tsada. Kowane mai haƙa yana ganin abin da injinsa ke fitarwa: jar marmara zuwa mita kaza, yumɓu zuwa kaza, ga inda ya sami tsakuwa mai ruwa. Da an biya shi ya naɗe kayansa, wannan ilimi ya bi shi. Ku yi doka: ba a biyan ɗan kwangila ragowar kuɗinsa, ba a sabunta wa kamfani lasisi, sai ya miƙa takardar da ke nuna wurin rijiya, zurfinta, jerin ƙasar da ya ratsa da yawan ruwan da take bayarwa a awa. Har wadda ba a sami ruwa ba a rubuta ta, don ita ce ke hana na gaba asara.

Sannan a ware rijiyoyin awo a kowace ƙaramar hukuma, waɗanda ba a ɗiban ruwansu, a riƙa zura ma'auni duk wata ana aika sakamakon ga NIHSA, hukumar binciken ruwa ta ƙasa. Ma'aikata ba su yi wuya ba. Jami'ar Bayero da ta Maiduguri na yaye masu digirin ilimin duwatsu kowace shekara, da yawansu na zaune a gida.

Ingancin ruwa ma na son ido. A unguwannin cunkoso shadda da rijiya kan haɗa katanga, a Sharaɗa da Challawa da Bompai ga dagwalon masana'antun fata. Mai garuwa zai turo kurarsa da jarkoki, ruwa garau, uwar gida ta juye a randa ba tare da kowa ya taɓa gwada shi ba.

Abin da aka tattara kada ya kwanta a kabad. A mayar da shi taswira, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da Hausa da Kanuri, a kai wa hakimai da kwamitocin masallatai, yadda mai niyyar sadakar rijiya zai san inda zai haƙa da zurfin da zai biya. Rijiyoyin Borno da Yobe da har yau ke zuba da kansu kuma a sa musu makulli tun kafin ranin da ke tafe.