Ƙarar babur ba riya ba ce

Wani ɗan'uwa ya ce jerin gwanon babura da Amurkawa ke yi don 'yan sandan da suka rasu a bakin aiki riya ce, wai masu ƙoshi ne ke ƙona mai. Malam, ban yarda ba.

Tun 1962 Shugaba Kennedy ya ware 15 ga Mayu don tunawa da su. A Washington akwai katangar da aka buɗe a 1991, ana sassaƙa sunayensu a jikinta, duk shekara kuma sai an ƙara. A irin wannan hawa galibi mahayi shi ke biyan kuɗin rajista, ya sayi mansa, abin da aka tara ya tafi ga iyalan mamata. Idan wannan riya ce, to ta ciyar da maraya.

Na san za ka ambaci George Floyd. Gaskiyarka, an zalunce shi, kuma kotu ta ɗaure wanda ya kashe shi. Amma marayan nan bai danne wuyan kowa ba.

Kai da kake zargi, ɗan sandan unguwarku da ya rasu, tun sadakar bakwai ka sake leƙa gidansa?